Shuɗiyar Kular Sista Afriyie

Sufeto Twumasi bai gama ɗaura igiyar takalminsa ba aka shigo da Sista Afriyie caji ofis, wasu mata biyu masu sayar da burodi suna riƙe da ita. Jini ya daskare a bayan kunnenta, farar rigarta ta aiki duk ta yi ƙasa.

"An ɗauke mini kular kayan gwaji," ta ce, ko gaisuwa babu.

Sufeto ya miƙe. Ya ja mata benci, ya ce da Kofur Pokuaa ta kawo ruwa da auduga.

Sista Afriyie ce ke riƙe da ɗakin gwaji na ƙaramin asibitin Bediakrom. Ranar Asabar aka yi jana'izar wani tsoho mai gonakin koko, gari duka ya hallara, aka ci aka sha. Washegari amai da gudawa suka sauka a gidaje. Asibiti ya cika har baranda, ana rataye ledar ƙarin ruwa a ƙusoshin taga. Jiya kuma Nana Aso, ƙanwar mamacin, tsohuwar da ko ƙofar gida ba ta fita, ta cika.

Ɗanta Opanyin Kusi, wanda ya zauna kujerar babban mai makoki, shi ne kuma bisa al'adar garin zai gaji kawun nasa, ya tsaya a ƙofar asibiti ya ce guba aka zuba a miya. Wadda ta dafa miyar ita ce Daavi Esinam, baƙuwa daga ƙetaren kogin Volta, mai rumfar abinci a bakin tasha. Da ƙyar Sufeto ya ƙwace ta daga hannun samari. Yanzu tana cikin sel, don nan ne kaɗai ke da ƙofar ƙarfe a garin.

"Faɗa mini yadda aka yi," in ji Sufeto.

"Na fito zan kama motar farko ta Kumasi. Na yanke ta bayan firamare, sai na ji abu a ƙeyata. Da na farfaɗo, babu kula."

"Kin ga fuskarsa?"

"Baƙin zane na gani, irin wanda kowa ke ɗaure da shi a makon nan."

"Wayarki fa? Jakarki?"

Ta ɗaga su duka biyu.

"To wane irin ɓarawo ne wannan?" in ji Kofur Pokuaa tana goge mata jinin. "Ya bar waya ya ɗauki kashin mutane. In ya buɗe zai san ya ci kasuwa."

Ba wanda ya yi dariya.

"Ya san abin da ya ɗauka," in ji Sista. "Bayan gidan marasa lafiya ne a ƙananan kwalabe, cikin ƙanƙara. Har da na Daavi da masu taya ta girki. Na duba a madubina na ganin ƙwayoyin cuta ban ga komai ba. Na gwada kwalara, ba ita ba ce. Ina zargin bairus ne, shi kuma ya fi ƙarfin madubina. A babban ɗakin gwaji na Kumasi suna da injin da ke nemo alamarsa komai ƙanƙantarta."

"Wa ya san za ki kai su?"

"Jiya a gidan makoki na yi wa dangi bayani. Na ce inji zai faɗi gaskiya. In cuta ce mai bin hannu, za mu bi baya har mu gano wanda ya fara kwanciya."

Sufeto ya zagaya bayanta. A kafaɗar farar rigar akwai shatin yatsu huɗu, ja wur. Ƙasar bayan firamare baƙa ce. Wannan jan yumɓu ne, wanda dangin mamaci na jini kaɗai ke shafawa a damtse har a gama makoki.

Sista ta jira masu burodin suka fita, sannan ta rage murya.

"Yallaɓai, kowane samfuri nakan raba shi biyu, haka aikin yake. Rabin yana firjin asibiti."

Sufeto ya rufe ido ya buɗe. Nan take ya kira ɗan sandansa mai babur, aka naɗe kwalaben da ƙanƙara a jakar goyo, ya kama hanyar Kumasi. Samari sun tare hanyar fita gari suna leƙa kowace mota, amma mace suke nema, ba jaka ba.

Dutse ya faɗo a kan kwanon ofis, wani ya biyo shi. Sufeto ya leƙa ta taga. Atta Direba ne a gaban taron, wanda 'yarsa ke kwance a barandar asibiti da allura a hannu.

"Sufeto, ranar Juma'a kasuwa ke ci," in ji Atta. "Mutanen ƙauye za su shigo. Ka ba mu ita mu kai ta wurin tsafi ta rantse, ko mu shigo mu ɗauka."

Sufeto ya san ba wanda zai kai ta wurin tsafi. Ya ga tayar mota jingine da bishiyar mangwaro, ya ga jarkar fetur a gefenta. 'Yan sanda huɗu gare shi. Da ya buga wa babban ofis waya, cewa aka yi ya lallaɓa, babu mota.

Daavi Esinam na lungun sel, ta cusa kai tsakanin gwiwoyi. Duk dutsen da ya faɗo sai jikinta ya zabura.

"Daavi, wa ya taɓa tukunyarki ranar Asabar?"

"Ni da 'yan'uwana biyu, ranka ya daɗe. Ban matsa daga murhu ba."

"Kin ci miyar?"

"Mai girki ba ta ɗanɗana ba? Na ci, yarana sun ci, har saura na kai gida. Makaɗa ma sun ci, su na fara zuba wa, don bakinsu ya fi gangarsu ƙara." Ta ɗago jajayen idanu. "Shekara goma sha biyu ina ciyar da garin nan. Atta da ke kiran a ƙone ni, ni nake ajiye masa kan kifi. Yallaɓai, in sun shigo, ka harbe ni kafin su kai ni wurin tayar."

"Ba za su shigo ba," in ji Sufeto. 

A gidan makoki ba a ko sauke rumfunan Asabar ba, aka sake zama don Nana Aso. Dangi sun jeru a kujerun roba, damatsansu duk jan yumɓu. Sufeto ya bi layi kamar kowa, daga dama zuwa hagu, yana ba kowa hannu har ya iso kujerar tsakiya.

Opanyin Kusi dogo ne mai furfura a gefen kunne. Jikarsa Akyaa, wadda aka sallamo daga asibiti da safen, tana kwance a ƙirjinsa. Ya riƙe hannun Sufeto ya girgiza sosai.

"Opanyin, sannu da haƙuri."

"Haƙuri sai an hukunta matar nan."

"Kai ciwon bai taɓa ka ba?"

"Ni? Ko ciwon kai. Babban mai makoki ba ya sa komai a baki sai an watse. Ban ci miyarta ba, ga ni garau. Waɗanda suka ci suna kwance. Sai an kira inji ya gaya maka wannan?"

"Nana Aso ba ta fito taro ba. Yaya aka yi ta ci?"



"Ni na kai mata. Hannunta rawa yake yi, ni nake ba ta a baki. Da hannuna na ba uwata gubar matar nan ban sani ba."

"Yau da sassafe kana ina?"

"A ɗakina ina kuka. Akwai dokar da ta hana?"

"An buge Sista Afriyie, an ɗauke kayan gwajinta."

"Na ji. 'Yan'uwan mai gubar za ka tambaya."

Sufeto ya dubi layin. Maza sun fi goma, kowa da jan damtse. Ya yi sallama ya fita.

Ya sami Agya Duah, shugaban makaɗa, a bayan gidansa yana ɗinke fatar ganga. Tsohon ya amsa gaisuwa da ka, bai saki allura ba.

"Agya, an ce kun ci miyar Daavi."

"Ci? Mun yi mata wanka. Sakwara uku na tashi da ita, yaran nan kuwa har tukunya suka suɗe."

"Wa ya kwanta a cikinku?"

"Ko ɗaya. Cikin makaɗi ai ganga ne, ba ya fashewa."

Sufeto ya zauna a kan kututture. Tukunya ɗaya, miya ɗaya.

"Me sauran mutane suka yi ranar nan da ku ba ku yi ba?"

"Kuka," in ji Agya Duah. "Da bin layin gaisuwa. Mu hannunmu na kan fata tun safe, wa zai ba mu hannu? Ai ranar na sha wuya. Ka san in babban mai makoki ya miƙe, dole mu juya kiɗa mu yi masa take har ya zauna. To Kusi bai bar mu mun huta ba. Ya tashi, ya zagaya bayan gida, ya dawo. Kafin mu koma kiɗan rawa ya sake tashi. Har na ce wa yara, ko kujerar gado na da ƙaya ne?"

"Bayan gida ya je yi me?"

"Ni makaɗi ne, Sufeto. Ba na bin manya bayan gida."

Sufeto ya dubi tafin hannunsa na dama.  Da ya fito bakin titi, Kofur Pokuaa ta miƙo masa gasasshiyar ayaba, ya girgiza kai. Sai da suka tsaya a famfon tasha ya sayi sabulu, ya wanke hannun har ya yi fari, ya sake wankewa.

Washegari suka je kemis ɗin Bra Ntim, shi kaɗai ne a layin gidan Opanyin. Mai kemis ɗin ya rame, idanunsa sun faɗa, yana kurɓar ruwan gishiri da sukari a kofi.

"Bra Ntim, kai ma miyar Daavi ce?"

"A'a, Yallaɓai. Cocinmu Asabar muke ibada, ba ma zuwa jana'iza ranar."

"An aiko maka da ita gida?"

"Ban ko ji ƙamshinta ba."

"To ina ka samo ciwon?"

"Sauyin yanayi ne."

"Sauyin yanayi," in ji Kofur Pokuaa. "Gari duka guba, kai kaɗai yanayi ya zaɓa. Kai ɗan gatan sama ne?"

"Wa ya sayi maganin tsayar da gudawa kafin Asabar?" in ji Sufeto.

"Mutane da yawa ke zuwa, ba na riƙewa."

Sufeto ya jingina da kanta.

"Gobe za su sa wa mace taya a wuya. Daga ƙofar shagon nan za ka hango hayaƙin. Ka ci gaba da shan ruwan gishirinka."

Bra Ntim ya ajiye kofin. Ya leƙa waje, ya jawo ƙofa.

"Ranar Juma'a ta jajibirin jana'iza da yamma ya zo ta baya. Ya ce in ba shi abin da zai ɗaure masa ciki har a tashi taro. Kafin in miƙa masa ya yi amai a nan, bakin kwata. Ni na wanke wurin. Ranar Lahadi ban iya buɗe shago ba."

"Wa?"

"Yallaɓai, shagon nan a filinsa yake."

"Wa?"

"Opanyin Kusi. Amma ko za a yanka ni ba zan faɗa a gaban mutane ba."

Safiyar Juma'a tun rana ba ta yi zafi ba filin gaban caji ofis ya cika. Mata sun ajiye kayan kasuwa suna kallo. Tayar ta baro jikin mangwaro, tana tsakiyar fili. Sufeto na jin Daavi a ciki tana addu'a da yarensu, muryar na katsewa.

Sista Afriyie ta shigo ta ƙofar baya da bandeji a kai, waya a hannu.

"Sun kira daga Kumasi. Norobairus ne, bairus mai sa amai da gudawa. Injin ya same shi a kusan duk kwalaben marasa lafiya. A na Daavi da 'yan'uwanta babu."

"Ta hannu yake bi?"

"Ɗan abin da ido ba ya gani ya isa ya kwantar da mutum. Ruwa kaɗai ba ya fitar da shi, sai da sabulu. Ka tuna yadda aka yi: a bi layi a gaisa, a tsoma hannu a kwano ɗaya, a hau sakwara. Mai ƙarfi yakan tashi bayan kwana biyu. Tsoho da jariri ruwan jikinsu ke ƙarewa."

Sufeto ya fita baranda ya ɗaga hannu. Ya faɗa musu abin da injin ya nuna, da ƙarfi, sau biyu.

"Nawa ta biya injin?" wani ya tambaya daga baya.

Aka yi ihu. Dutse ya wuce ta gefen kunnensa ya fasa gilashin taga. Ya koma ciki. Ya gane ba za su ji daga bakin waya ba, ba kuma za su ji daga bakinsa ba. Bakin da ya ce guba, shi ne zai ce ba guba ba.

"Sista, irin kular nan guda ɗaya ce a asibiti?"

"Biyu aka ba mu. Ɗayar tana sito, ko ledarta ba a cire ba."

"Kofur, kina da baƙin zane?"

Ya sake fita, ya kira Atta Direba da hannu.

"Ka biyo ni gidan makoki, kai da mutum biyu. Ku tsaya ku kalla kawai. In mun dawo ba ka ga komai ba, ka yi abin da za ka yi."

"Dabara za ka yi mana ka fitar da ita."

"Da wace mota? Ga mutanenka sun kewaye ofis. Atta, 'yarka na shan ruwan da Sista ke ba ta, ba hayaƙin taya ba."

Atta ya juya wajen taron. Sannan ya ce da samarin kada kowa ya motsa sai ya dawo.

A ƙarƙashin rumfa layin gaisuwa na tafiya, daga dama zuwa hagu. Opanyin Kusi na tsakiya yana karɓar hannu, Akyaa na zaune a ƙafarsa. Sufeto bai shiga layi ba. Ya tsaya a jikin sandar rumfa, ya haɗa hannu a baya. Tsofaffi suka soma kallonsa suna gunaguni.

Zafi ya yi yawa, kowa na fifita da gefen zane. Sai ga Kofur Pokuaa cikin baƙin zane da ɗankwali kamar sauran matan gida, ta fito ta ƙofar tsakar gida da shuɗiyar kula a ka. Ta sauke ta a gaban dangi, ta buɗe, ta soma miƙa ledar ruwan sanyi.

Opanyin na cikin gaisawa da wani malamin coci idonsa ya sauka a kan kular. Hannunsa ya tsaya a cikin na malamin.

Dattijo na farko ya karɓa, ya fasa leda da haƙori. Na biyu ya karɓa. Opanyin ya buɗe baki ya rufe. Gumi ya keto masa, yana wanke jan yumɓun damtsensa.

Sufeto ya kafe shi da ido. In mutumin ya daure, to ba shi da sauran abin yi.

Na uku ya karɓa. Akyaa ta miƙe, ta je ta tsoma hannu biyu cikin kular, ta ɗauko leda ta kai baki.

Kujerar Opanyin ta kife. Ya kaɓe ledar daga bakin yarinyar, ya sa ƙafa ya ture kular, ƙanƙara ta watse a ƙasa.

"Tofar! Tofar da shi!" Ya kama fuskarta yana goge mata baki da zanensa. Ya juya ga matan gida. "Wace ce ta shiga ɗakina ta fito da wannan? Kun san abin da ya zube a ciki?"

Yarinyar ta fashe da kuka. 

Sufeto ya tako a hankali.

"Ruwa ne kawai, Opanyin. Wannan kular sabuwa ce, yau aka cire ledarta a asibiti. Wacce ce ke ɗakinka?"

Opanyin ya dubi kular, ya dubi Sufeto.

"Na ɗauka... ta giya ce. Akwai wata ta giya."

"Giya ce ta zube har kake goge wa yarinya baki? Kofur, ɗauki dattijai biyu ku duba ɗakin."

Ba su daɗe ba. Suka fito da wata kular a cikin buhun koko, Kofur ta riƙe buhun nesa da jikinta. Shuɗiya ce, da sunan asibiti a murfi, da busasshen jini a madaurin.

"Ka ce guba ce a miya," in ji Sufeto. "Mai tsoron guba ba ya tsoron kula. Kumasi sun ce cuta ce mai bin hannu. Makaɗa sun ci miya, ba su bi layi ba, suna nan lafiya. Tun Juma'ar da ta wuce cikinka ke gudu, ka zauna a kujerar nan ka ba gari duka hannu."

Opanyin ya nemi kujerarsa bai same ta ba, ya zauna a ƙasa.

"In ban zauna ba, ƙanena na Accra za a zaunar," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Wanda ya zauna wa kawu shi dangi ke ba gado. Shekara talatin ina sare masa ciyawa a gona. Na ce kwana ɗaya ne, zan daure. Ina zagayawa, in ɗauraye hannu a randa, in dawo. Ban san abin na bin hannu ba."

"Da ka sani fa?"

"Da Sista ta yi bayani a nan, sai na tuna." Ya ɗaga hannunsa na dama yana kallo. "Da yamma na gutsura wa uwata sakwara da wannan. Loma loma. Tana ci tana sa mini albarka."

Wata tsohuwa a layin ta ɗora hannu a ka.

"Tun a ƙofar asibiti zuciyata ta raya mini," in ji Opanyin. "Na ce a'a, miya ce. Dole ta zama miya. In ba miya ba ce, to ni ne. Da na ji inji zai faɗa, sai na bi Sista. Ban yi niyyar fasa mata kai ba. Na juye kwalaben a masai, ɗaya ta fashe a cikin kular, kular kuma ta ƙi shiga ramin."

"Ciwo ba laifi ba ne, Opanyin. Ba wanda ake kamawa don cikinsa ya ɓaci. Amma ka fasa kan ma'aikaciya, ka sace kayan gwaji, ka nuna wa gari mace ka ce su kashe. Da sun ƙone ta, da ka samu barci?"



Sufeto ya waiwaya. Atta Direba na tsaye, bakinsa a buɗe.

"Ka gani?"

"Na gani."

"To je ka faɗa musu da bakinka. Ka ɗauke tayarka daga ƙofar ofishina. Kofur, bi shi. In fili ya watse ki buɗe wa Daavi, ki raka ta har gida."

Atta ya tafi da gudu, takalminsa ɗaya ya cire bai tsaya ɗauka ba. Can daga wajen tasha hayaniyar ta ɗaga sama, ta daɗe, sannan ta soma sauka kamar ruwan da ke ɗaukewa. 

Sufeto ya ciro ankwa. Opanyin ya miƙo hannu biyu da kansa. Sufeto ya ɗaura, ya ɗaga shi tsaye, ya gyara masa zanen da ya zame daga kafaɗa.

Hanyar fita ta gaban layin dangi take. Babba ba ya barin taro bai yi sallama ba, kuma jiki ya riga ya saba. Da suka zo daidai dattijo na farko, Opanyin Kusi ya tsaya, ya ɗago hannayensa da ankwa, ya miƙa na dama.

Dattijon ya dubi hannun. A hankali ya mayar da nasa cikin zane.

Na kusa da shi ma ya mayar. Haka na gaba, har ƙarshen layi.

"Mu je," in ji Sufeto.